Tsohon diski da sabuwar ordinatar: ta wace hanya za ka kwaso kayanka?

Tunda Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da yawa nan Maradi sun shiga canjin ordinatar, don Windows 11 ba ya yarda da kowace tsohuwar na'ura, sai mai TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro ne cikin na'ura, da furosesa na kwanan nan. To sabuwa ta zo, an kunna, komi fes, sai a tuna ai memuwar da anka rubuta a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana cikin tsohuwar, lissafin shago na shekara da shekaru yana can, hotunan suna da na biki duk suna can. Wasu ma ba Windows 10 ba ne, Windows 7 ne wanda anka daina kula da shi tun Janairun 2020, kai har XP da ya mutu tun Afrilun 2014 za ka iske shi yana aiki a wasu siber da wuraren buga takardu. Hanyoyin shiga tsohon diskin daga sabon sistem suna da yawa, amma ba daidai suke ba, kuma wadda ta fi sauƙi ita ce ta fi saurin ɓata ma mutum kaya in diskin ba shi da lafiya.

Kafin zaɓe akwai tambaya biyu da ya kamata ka amsa ma kanka. Ta farko, diskin lafiya yake ko ya fara ciwo? In yana ƙara ƙas ƙas ƙas, ko yana ɓacewa ya dawo, ko tsohuwar ordinatar tana daskarewa duk sanda ka buɗe wani dosiye, to wanga diski marar lafiya ne. CrystalDiskInfo kyauta ne, yana karanto bayanin SMART da diskin ke ajiyewa game da kansa, shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa ba sai an faɗa ba. Ta biyu, mi kake nema a ciki, fayiloli kawai ko kuwa wani tsohon lojisiyel kake so ya ci gaba da aiki? Amsar waɗannan biyun ita ke yanke kusan komi.

Abin farin ciki shi ne in tsohon Windows ne kuma sabon ma Windows ne, babu matsalar yare tsakaninsu. Tun daga XP na 2001 har Windows 11 tsarin ajiyar fayil ɗin guda ne, NTFS, kuma FAT32 na zamanin Windows 98 ma ana karanta shi ba gardama. Tsoffin diski suna da teburin partisiyo irin MBR, sabbi kuma GPT, amma sabon Windows ya san duka biyun. Akasin haka ne bai yiwuwa, XP na 32 bit bai san GPT ba sam. Don haka kullum tsohon diski ake kawowa wurin sabon sistem.

Hanyar da kowa ya fara tunani ita ce a ciro diskin a sa shi cikin bwatiye, ɗan akwatin diski mai wayar USB, a jona da sabuwar ordinatar. Ga diski mai lafiya wannan ita ce mafi sauri, ba sai ka koyi komi ba, ka jona ya fito kamar kile. Sai dai ka duba bakin diskin kafin ka tafi kasuwa, don ba iri guda ba ne. Na laptop ƙarami mai inci 2.5 da bakin SATA, wutar USB kaɗai ta ishe shi. Na babbar ordinatar ta tebur mai inci 3.5 yana son bolt 12, dole sai da nashi sharja da ake sawa a bango, kuma nan ne namu yanayin ke shigowa, in kuran ya ɗauke kana tsakiyar kwafi laptop ɗinka zai ci gaba da batir amma diskin ya tsaya cak, kuma tsohon diski bai son irin wagga tsayuwar. In ba ka da ondilar ko sola, ka yi tunani sau biyu. Na zamanin XP kuma da yawa ba SATA ba ne, IDE ne, mai ƙananan allurai 40 a babba, 44 a na laptop, bwatiyen yau bai karɓarsu, sai adafta mai baki uku, kuma wani lokaci sai ka matsar da ɗan jampa na bayan diskin zuwa Master kafin a gan shi. Samun irin wanga adafta a gari sai an bincika, wani lokacin sai an yi sautu daga Katsina ko Kano. Ka kuma nemi na USB 3, mai bakin shuɗi, don USB 2 in kayan sun kai giga ɗari biyu ko uku za ka yi awoyi kana jira.

In ka jona bai fito ba kada hankalinka ya tashi. Ka danna dama kan maɓallin Démarrer ka buɗe Gestion des disques, sau da yawa partisiyon tana nan lafiya lau, harafi ne kawai ba a ba ta ba, sai ka danna dama kanta ka ba ta E ko F. Za ka ga wata 'yar ƙarama mai suna Réservé au système, mega 100 a Windows 7, ƙyale ta, kayan tashin sistem ne babu naka a ciki. In an rubuta Étranger to diski ne irin dinamik, akwai zaɓin shigo da shi a wurin. In kuma an rubuta Hors connexion saboda sa hannunsa ya yi karo da na wani diskin, abin da ke faruwa in an taɓa yin kulonin ɗaya daga ɗayan, kana maida shi En ligne Windows zai canza mashi sa hannun, za ka ga fayilolinka amma tsohon Windows ɗin yana iya ƙin tashi daga baya.

Saƙo biyu ne ke kashe ma mutane kaya, kuma duka biyun da ladabi suke zuwa. Ɗaya yana cewa "Vous devez formater le disque", ɗayan yana neman ka yi Initialiser le disque. Duk wanda ka gani cikin su, Annuler. Ma'anarsu ba wai diskin fanko ne ba, Windows ne bai gane abin da ke kai ba, ko don partisiyon ta Linux ce ko ta Mac, ko teburin ya ɗan lalace, ko kuma bwatiyen ne kansa, don akwai waɗanda ke nuna ma ordinatar girman sekta daban da na asali sai partisiyo mai lafiya ta fito a matsayin RAW, wato wadda Windows bai gane tsarinta ba. Kafin ka yanke hukuncin diski ya mutu, gwada wani bwatiyen ko ka jona shi kai tsaye da kebul ɗin SATA cikin babbar ordinatar.

Sai matsalar izini, wadda kusan kowa ke karo da ita. Ka shiga Users, ko Documents and Settings in XP ne, ka danna sunanka, sai a ce maka ba ka da izinin shiga wanga dosiye, ga maɓallin Continuer. NTFS ba da suna yake gane mai kaya ba, da wata doguwar lamba ce da kowane Windows ke ba kowane asusu, don haka ko sunanka guda a tsohuwa da sabuwa, a wurinsa kai baƙo ne, kamar wanda ya dawo tsohon ɗakin hayarsa ya iske kwaɗon bai san makullinsa ba. In ka danna Continuer zai buɗe, amma abin da yake yi shi ne ya bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana rubuta sabon izini a kansu, dubbai, a kan tsohon diskin. In diskin lafiya yake kuma ba ka da niyyar sake tada tsohon Windows, ba laifi, jira kawai za ka yi. In ba shi da lafiya wannan rubutun na iya zama na ƙarshe. Akwai dabarar da ta fi, wadda ba ta taɓa izinin ko kaɗan: ka buɗe Terminal, tagar rubuta umarni, a matsayin administrateur ka rubuta robocopy E:\Users\sunanka D:\tsoho /E /B /XJ /R:1 /W:1. E shi ne tsohon diskin, D kuma wurin da za a zuba kwafin. Wancan /B shi ke tsallake izinin, /XJ yana hana shi zagaye cikin dosiyoyin da ke nuna junansu, /R:1 da /W:1 kuwa dole ne don in ba ka sa ba, ya ci karo da fayil guda da ya lalace zai yi ta gwadawa har sau miliyan yana jiran daƙiƙa 30 kowane karo. Wani daɗin robocopy, in aikin ya yanke ka sake bugawa, ba ya maimaita abin da ya riga ya kwafa.

Rauninta dai guda ne wagga hanya ta bwatiye, Windows bai iya ganin diski ya ƙyale shi. Yana jonuwa zai fara 'yan rubuce-rubucensa, dosiyen shara, System Volume Information, antibirus ya shiga bincike, wani lokacin ma ya ce bari ya gyara maka kurakurai. Ga mai lafiya ba komi ba ne. Ga majinyaci wahala ce.

Akwai waɗanda ba su canza na'ura ba, sun sa sabon Windows ne a wata partisiyo ko wani diskin suka bar tsohon gefe, suna zaɓa lokacin tashi. Su ba su da abin saye, tsohuwar partisiyon tana nan cikin Ce PC ko kuma a ba ta harafi. Amma su kashe Démarrage rapide a sabon. Tun Windows 8 in ka ce Arrêter ba mutuwa yake yi duka ba, rabin barci ne, yana barin partisiyoyin a buɗe, sai ka shiga Windows 7 ka taɓa su, ka dawo ka iske chkdsk yana gudu ko wani fayil ya yi ɓatan dabo. Haka in XP ne da Windows 7 a na'ura guda, duk sanda XP ya tashi yana share wuraren maido da sistem na Windows 7. Ni dai a ganina zama da sistem biyu haka na wucin gadi ne, a kwashe a gama.

Yanzu ga wadda na fi so, kile mai Linux a ciki. Ka sauke Linux Mint ko Ubuntu, ka rubuta shi kan kile na giga 8 da Rufus ko Ventoy, ka tada ordinatar daga kilen, F9 a HP, F12 a Dell da mafi yawan Lenovo, ka zaɓi gwadawa ba sakawa ba. Sistem ɗin zai tashi daga kilen bai taɓa diskin ba. Amfaninta na farko, ba sai ka kwance na'ura ba, in tsohuwar ordinatar tana kamawa Windows ɗin ne kawai ya ƙi tashi, a cikinta za ka yi aikin, ka jona diski na waje ka kwashe. Wannan ya taimaki masu laptop irin waɗanda sai an ɓalle kilabiye kafin a kai ga diski, da waɗanda ma'ajiyarsu manne take da allon uwa ba ta ciruwa. Na biyu, Linux bai damu da izinin Windows ba, dosiyen da ya hana ka shiga ɗazu nan buɗe yake. Na uku, birus ɗin da ke cikin tsohon Windows ba ya tashi a nan, kuma kowa ya san yadda birus ɗin rakursi ya addabi kile a siber, a Linux za ka ga fayilolinka da ya ɓoye ƙuru-ƙuru tare da shi kansa. Na huɗu kuma shi ne babba, kana iya buɗe partisiyon don karatu kawai. Ka buɗe Terminal ka buga lsblk ka ga sunayen partisiyoyin, sannan sudo mount -o ro /dev/sdb2 /mnt, ka sauya sdb2 da sunan taka. Wancan ro na nufin ko da kuskure ba a rubuta komi. In dai dannawa kawai ka yi daga mai nuna fayiloli to a buɗe take har da rubutu, sai ka kiyaye hannunka. Karatun NTFS a Linux kuma ba sabon abu ba ne, ntfs-3g yana aiki tun 2007, an kuma ƙara wani direban cikin kernel 5.15, wato zuciyar Linux, a 2021.

Tana da nata wahalhalun fa. Sauke Mint kusan giga 3 ne, Ubuntu na yanzu ya kusa ninka haka, da forfe na waya wannan kuɗi ne, gara ka nemi mai gyara ko wani ɗalibi da ya riga ya sauke ya kwafa maka. Kilabiyen mu AZERTY ne amma sistem ɗin da QWERTY yake tashi, ka buga a ya fito q, sai ka canza shi zuwa na Faransanci kafin ka fara rubuta umarni. Kuma na'urorin zamanin XP da yawa 32 bit ne da RAM ƙasa da giga guda, Mint tun fitowa ta 20 sai 64 bit, irin waɗannan sai ka nemi ƙaramin Linux kamar antiX, in ma na'urar ta yarda ta tashi daga USB ke nan. In ta ƙi, ka koma ga bwatiye, amma ba abin da ya hana ka haɗa biyun: diskin cikin bwatiye, sabuwar ordinatar ta tashi da kilen Linux. Ni a wurina wannan haɗin ya fi kowace ɗaya ita kaɗai.

Ga diski marar lafiya kuwa duk waɗannan ba su ne farko ba. Kwafin fayil ɗaya ɗaya yana sa kan diskin ya yi ta kai da kawowa, ya kuma maƙale a wurin da ya lalace. Abin yi shi ne a ɗauki hoton diskin gaba ɗaya zuwa fayil guda, daga nan a ajiye diskin a yi aiki da hoton. GNU ddrescue don haka anka yi shi, yana fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauri, ya tsallake masu wuya, sai ya gama sannan ya dawo kansu. A kilen Mint ko Ubuntu sunan kunshin gddrescue, umarnin kuma sudo ddrescue /dev/sdb diski.img diski.map. Kada ka manta da wancan na ƙarshe, diski.map, shi ke riƙe da inda aka tsaya, kuran ya ɗauke ya dawo ka sake buga umarnin ya ɗora daga nan, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne. Ka tabbata sau biyu wane ne sdb kafin ka danna. Hoton girmansa daidai da diskin duka ne ko da rabinsa fanko, diski mai giga 500 sai wuri mai fiye da giga 500, kuma wurin kada ya zama FAT32 don shi bai ɗaukar fayil da ya wuce giga 4. Lokacin zafi, Afrilu da Mayu, ka sa ma diskin fanka ko ka bari sai dare, aikin awoyi ne wani lokacin kwanaki. In hoton ya samu, TestDisk na Christophe Grenier na iya gano partisiyon da ta ɓace, ɗan'uwansa PhotoRec kuma yana tsinto hotuna da takardu ko da tsarin ya watse, sai dai ba da sunayensu na asali ba. In kuwa diskin baya juyawa sam ko ƙarar ta yi yawa, kashe shi, kuma kada kowa ya buɗe murfinsa a shago, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta ƙarasa shi.

Hoton diski yana da wani amfanin ga mai diski lafiyayye ma, wato wanda lojisiyel yake so. Alhaji yana da tsohon lojisiyel na lissafin kaya da bashi, wanda ya saka mashi ya bar gari, faifan CD ya ɓace, kuma kwafe dosiyen Program Files ba ya sa shi aiki don rabin jikinsa yana cikin rajistar tsohon Windows. Nan Disk2vhd na Sysinternals ke shigowa, ɗan ƙaramin abu ne kyauta daga Microsoft, yana maida diskin fayil ɗin VHD, kuma abin da ke ciki kawai yake ɗauka banda fankon. Wanga fayil kana iya buɗe shi cikin Gestion des disques ta Attacher un disque dur virtuel, ka sa alama a Lecture seule, ya fito kamar diski. Ko kuma ka ba VirtualBox shi ya tada tsohon Windows ɗin cikin taga a kan sabon. In VirtualBox za ka yi amfani da shi ka cire alamar VHDX cikin Disk2vhd tun wurin ɗauka. Gaskiya dai ba kullum yake tashi a karon farko ba, XP ya saba fitar da shuɗin allo mai lamba 7B, maganinsa yawanci a maida kwantirola ɗin diskin zuwa IDE a saitin, kuma Windows na iya neman a sake tabbatar da lasisinsa tunda ya ga na'ura ta canza. In ya tashi ka yanke mashi intanet. Wannan hanya ta fi kowace cin lokaci da cin wurin ajiya, wanda hotuna da takardu kawai yake so bai da abin yi da ita.

Hanyar rezo kuma, a kunna tsohuwa da sabuwa a raba dosiye, da Windows 7 tana yiwuwa. Da XP ban ba da shawara ba, shi SMB1 kawai ya sani, tsohuwar hanyar raba dosiye ta rezo, sabon Windows ya zo da shi a kashe, kuma ta ramin SMB1 ne birus ɗin WannaCry ya bi duniya a Mayun 2017. In tsohuwar tana tashi lafiya ai diski na waje ya fi sauƙi.

To in tsohon sistem ɗin Linux ne fa, kamar ɗaliban informatik da sunka taɓa saka Ubuntu gefen Windows? Nan lissafin ya canza, don Windows bai karanta ext4, tsarin ajiyar fayil na Linux, da kansa, shi ne ma zai ce ka yi format. Linux Reader na DiskInternals kyauta ne kuma karatu kawai yake yi, ka zaɓi fayil ka adana shi wani wuri, ga mai son ya kwashe ya tafi ya wadatar, yana kuma buɗe HFS+ da APFS na Mac. Ext2Fsd da za ka gani a tsoffin bayanai ka guje shi, tun 2017 anka daina sabunta shi kuma ext4 na yanzu yana da abubuwan da bai sani ba, in ya rubuta yana iya ɓatawa. Windows 11 yana da wsl --mount, Linux na gaske ne ke karantawa don haka ba kuskure, amma sai ka saka WSL 2, wato Linux ɗin da ke gudu cikin Windows, yana ɗauke diskin duka ne ba partisiyo guda ba, don haka in Ubuntu ɗin yana diski guda da Windows ɗin da kake ciki ba za ta yiwu ba, kuma kile da katin memuwa ba su shiga. Duk an zagaya an dawo, kilen Linux ya fi su, shi ke gane LVM, wani tsarin raba diski na Linux, shi zai tambaye ka kalmar sirrin LUKS, kullen diskin Linux, in an kulle. In dosiyen home ya fito fanko sai 'yan fayil biyu, to irin kullewar Ubuntu ce ta kafin 18.04, ecryptfs-recover-private da tsohuwar kalmar sirrinka ke buɗe ta. Wanda kuma ke da diskin Linux SUSE na da can mai tsarin ajiya ReiserFS, an cire shi daga kernel 6.13 a farkon 2025, sai ya nemi Linux da ya girmi wannan.

Abu guda da babu hanyar da ke tsallake shi cikin duk waɗannan shi ne kulle na sirri. BitLocker, kullen diski na Windows, sai da makullinsa mai lamba 48, ka duba asusunka na Microsoft ko takardar da aka buga lokacin kullewa, kuma na'urorin da anka riga anka yi amfani da su da ke fitowa daga kamfanonin Turai wasu da shi suke zuwa. Fayilolin da sunansu ya fito kore kuma EFS ne, wani kullen Windows na fayil ɗaya ɗaya, makullinsu yana ɗaure da tsohon asusun da kalmar sirrinsa. In tsohon Windows yana tashi, shiga ciki ka cire kullen tun can kafin komi. Kuma kada mai gyara ya share maka kalmar sirrin asusun da irin kayan aikin nan na waje don wai a samu shiga, shiga za a yi amma korayen fayilolin sun tafi ke nan. Kalmomin sirrin da Chrome ya adana ma haka suke, kwafin dosiye bai kawo su, sai an fitar da su daga cikin tsohon sistem yana raye.

In za a taƙaita zaɓen a aikace: diski lafiya, Windows zuwa Windows, kana gaggawa, bwatiye da robocopy. Windows ya ƙi tashi, ko izini ya hana, ko ana zargin birus, ko Linux ne a kai, kilen Linux. Diski na ƙara ko SMART ya yi rawaya, ddrescue kafin ka buɗe ko dosiye guda. Lojisiyel kake so, Disk2vhd da VirtualBox. In kana shakkar wane rukuni kake, ɗauki diskin a matsayin marar lafiya, asarar da za ka yi ta lokaci ce kawai.

Wurin kwashewa kuma kada ka tsaya a Documents da Bureau. Duba Téléchargements, duba partisiyon D don masu gyara da yawa sun saba raba diski biyu su ce a riƙa ajiya can, duba AppData da ke ɓoye inda Outlook da Thunderbird ke ajiye wasiƙu, a XP kuma wasiƙun Outlook Express fayiloli ne masu ƙarewa da dbx cikin Local Settings. In ka kai ma mai gyara ne ka zauna a yi a gabanka, diskin nan hotunan iyalinka ne da takardunka. Bayan an gama ka gwada yawan fayiloli da girmansu a ɓangarorin biyu, ka buɗe wasu hotuna da takardu daga wurare daban daban ka gani da idonka, ka bar antibirus ya bi kwafin, kuma tsohon diskin kada a yi mashi format sai kayan sun zauna a wuri biyu daban, sabuwar ordinatar da wani diski na waje.